Yadda Za Ka Wanke Mota Har Ta Bar Hannunka

Wata ranar Alhamis, ana can ana cin kasuwar Maigatari, Hajiya Balkisu ta dawo daga aikin rigakafi a ƙauyukan Ɗanzomo, ta ajiye motarta a gindin darbejiyar ƙofar gida, ta ce kanta yana sara mata. Ranar Asabar aka kai ta makwancinta. Motar ta ci gaba da zama inda mai ita ta bar ta, damina ta zo ta wuce a kanta, sannan mijin ya tashi ya wanke ta.

Mai karatu, idan kana da tsohuwar mota, kana so ka ga tana ɗaukar ido kamar yau aka sauko da ita daga tirela, kana kuma so ka yi mata hoto biyu, na kafin wanki da na bayan wanki, irin wanda duk wanda ya gani zai riƙe baki, to ka zo inda ya dace. Matakan nan an gwada su a Gumel, kuma sun yi aiki har sun wuce abin da aka roƙa. Ana ba ka cikakken tabbaci: ka bi su bi da bi, motarka za ta yi kyau, jama'a za su yabe ka, sannan motar ta tafi.

Wanda ya gwada su shi ne Malam Dalhatu, mijin marigayiyar, malamin tarihi mai ritaya, kuma shi ne yake wannan rubutu. Zai riƙa kiran kansa da suna, kamar yadda manyan masana suke yi idan labarin da za su bayar bai yi musu daɗi ba. Abu biyu ya kamata ka sani game da shi. Bai iya tuƙi ba. Kuma yana son motar nan ta ci gaba da zama a ƙofar gidansa.

Shekara da shekaru Hajiya ce a sitiyari, shi yana gefe da littafi a kujerar da direbobi suke kira ta mai zaman banza, sunan da bai taɓa musantawa ba. Mutanen gari suna kallo suna samun abin hira. Bayan rasuwarta bai ga dalilin sauya wurin karatu ba. Kullum bayan la'asar sai ya buɗe ƙofarsa, ya zauna a kujerarsa, ya buɗe littafi, har a kira magariba.

Matsalar ita ce motar ba tasa ba ce, kayan gado ce. Magada uku ne: shi, da 'yarsu tilo Ummu Salma da take aure a Gagarawa, da yayan marigayiyar, Alhaji Cindo, mai fataucin riɗi a Maigatari. Malam Hussaini, mai makarantar allo ta unguwa, wanda aka ɗora wa rabon, ya riga ya ja Malam Dalhatu gefe bayan wata sallar Juma'a, ya shaida masa cewa motar, yadda take a lokacin, ba za ta wuce kasonsa ba. Idan yana so, ranar rabo ya buɗe baki kawai ya ce yana so. Wato abin da ake buƙata daga Malam Dalhatu shi ne kada ya yi komai, sannan ya faɗi magana ɗaya. Ga yadda mai ilimi yake kasa yin duka biyun.

Mataki na ɗaya: Ka bar ta ta yi dattin gaske

Hoton bayan wanki ba shi da daraja sai da na kafin wanki, shi kuwa ba ya samuwa da gaggawa. Kada ka yi irin ta masu watsa wa mota taɓo da hannu don hoto ya yi armashi. Mai ido yana gane dattin haya. Kai dattin asali kake nema, wanda ya san gidan.

Ajiye ta ƙarƙashin darbejiya. 'Ya'yan bishiyar za su zubo su narke a rufin, jemagu su ƙara nasu, ruwan sama ya dama, rana ta gasa. Akuyar maƙwabta za ta gano cewa bonet ya fi ƙasa daɗin kwanciya. Kaza za ta yi ƙwai a ƙarƙashi, ta ƙyanƙyashe, ta fara yi maka kallon baƙo. Taya ɗaya za ta sace, sauran su bi ta a hankali saboda zumunci.

Ka lura da wani sirri da masu sayar da kwaɗo ba sa son a sani: babu mai gadin da ya kai datti. Duk watannin nan babu ɓarawon da ya waiwayi motar, babu dillalin da ya rage gudu a ƙofar gidan. Malam Dalhatu yana zaune cikin abin da yake so, babu mai ƙyashinsa. Mai hankali a nan zai rufe wannan jagora. Tunda ga ka kana ci gaba da karatu, mu je.

Mataki na biyu: Ka samo suruki mai ido

Babu wanda yake tashi haka kawai ya wanke mota har cikin ramukan iska. Sai an taɓa shi. Don haka kana buƙatar suruki, kuma ya kasance mai hannu da shuni, domin maganar talaka ba ta fitar da datti.

Alhaji Cindo ya zo ganin kayan gado, Ummu Salma ma ta zo daga Gagarawa. Aka duba akwatuna, aka duba tumaki, aka fito ƙofar gida. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya zagaya motar, bai taɓa ta ko da ɗan yatsa ba. Ya leƙa ƙarƙashi, kazar ta leƙo shi. Sannan ya juya, ba wajen mai gidan ba, wajen 'yar ƙanwarsa.

"Allah ya jiƙan uwarki," in ji shi. "Mace mai tsafta. Da za ta ɗago ta ga yadda aka bar mata motarta..."

Bai ƙarasa ba. Ya girgiza kai, ya saki rigarsa.

Malam Dalhatu ya karanta tarihin dauloli da dama, ya san yadda sarakuna suka mayar wa juna magana har aka kai ga yaƙi. Abin da ya ce shi ne, "Alhaji, a shigo a sha ruwa."

Ka riƙe wannan: mai yawan karatu yana iya jure yunwa, yana iya jure jiran fansho, amma ba ya iya jure jimlar da aka bari ba a ƙarasa ba. Shi zai ƙarasa ta da kansa, a kan abinci, a hanyar masallaci, a tsakiyar shafin da yake karantawa, kuma kowane ƙarashe ya fi na baya ciwo. Kafin a jima Malam Dalhatu ya ƙarasa maganar Alhaji ta fuskoki da yawa, har da waɗanda Alhaji ba shi da basirar ƙirƙirowa. Sai ya je ya sayo soso.

Mataki na uku: Ɗauki hoton kafin wanki

Rana tsaka za ka ɗauka, lokacin da haske ba ya rufa wa kowa asiri. Tsaya ta ɓangaren da ya fi muni. Idan akuya tana kan bonet, kada ka kore ta, shaida ce. Ka tabbata tayar da ta fi kwanciya ta fito, da ganyen da ya taru a gindin gilashi har wani abu ya fara tsirowa a ciki.

Wayar Malam Dalhatu 'yarsa ce ta saya masa, kuma har lokacin babu abin da yake yi da ita sai amsa ta'aziyya. Hoton farko ya ɗauko babban yatsansa. Na gaba ya ɗauko takalminsa da ɗan wani yanki na ƙasar Gumel. Wani kuma ya juyo masa da fuskarsa, wadda bai nemi gani ba. Daga ƙarshe motar ta fito, da munin da ya gamsar.

Ka tuna manufarka. Ba talla kake yi ba, hujja kake tarawa. Nufin Malam Dalhatu shi ne ya ajiye hoto biyu a gaban mutum ɗaya, ya yi shiru, kunya ta yi sauran aikin. Shiri ne mai kyau. Aibinsa ɗaya ne: ya dogara a kan cewa Alhaji Cindo yana jin kunya.

Mataki na huɗu: Fara da ciki, kuma kada ka zauna

Ƙwararru daga ciki suke farawa, don kada sharar ciki ta ɓata wankin waje. Tanadi buhu, da tsintsiyar laushi, da tsumma mai ɗan danshi, da tsohon buroshin haƙori. Ƙa'idar ita ce ka yi aikin a tsaye, a sunkuye, da sauri. Duk abin da ka tsinta, jefa shi a buhu ba tare da ka tambaye shi daga ina ya zo ba.

Motar ma'aikaciyar lafiya mai shiga karkara ba mota ba ce, rumbu ce. Matan ƙauye ba sa barin wadda ta duba musu yara ta tafi hannu rabbana: wannan ta ƙulla kuka, waccan ta auno zoɓo, wata ta cuso gyaɗa ta taga ana cikin tafiya. Hajiya ba ta iya cewa a'a ba, ledoji kuma ba su iya riƙon amana ba. A but ɗin baya akwai busasshiyar kuɓewa da lema mai karyayyen haƙarƙari. A aljihun ƙofa akwai ɓarin goro da ya koma dutse. Akwai takalmi mara tudu da take sauyawa idan za ta yi tuƙi, ƙafa ɗaya a gaba, ɗayar a baya, kamar sun yi faɗa.

Sai riɗi. Riɗi idan ya zube a mota ya zama ɗan gida. Yana shiga ɗinkin kujera, yana shiga gindin giya, yana shiga wuraren da wanda ya ƙera motar bai san akwai su ba. Da buroshin haƙori ake fitar da shi, ƙwaya-ƙwaya. Malam Dalhatu yana cikin haka sai ya tuna ranar da ƙullin ya fashe, a hanyar Sule Tankarkar, da Hajiya ta faɗa wani rami. Ya ce mata a littafi an ce a rage gudu kafin rami. Ta ce to littafin ya zagayo ya karɓi tuƙin.

Ya zauna. An gaya maka kada ka zauna. Aikin da ya kamata a gama kafin azahar sai da ya cinye wunin.

Washegari fitar da kafet, ka kakkaɓe, ka wanke, ka shanya a katanga. Goge dashbod. Bi ramukan iska ɗaya bayan ɗaya. Wanke kujeru da kumfa kaɗan, ka bar ƙofofi a buɗe su sha iska. A ƙarshe ka je tasha ka sayo ɗan kwalin turaren nan mai ƙamshin lemo, ka rataya a madubi, domin duk ƙwararre haka yake yi. Da la'asar ka buɗe ƙofa ka shaƙa. Za ka ji lemo, za ka ji sabulu. Humrar Hajiya da ta zauna a motar tun ranar da aka sayo ta, wadda ta jure damina da akuya da komai, ba za ka ji ta ba, kuma ba ta dawowa. Wannan shi ake kira aiki ya yi kyau.

Mataki na biyar: Wanke waje, daga sama zuwa ƙasa

Kira mai garuwa, ka gaya masa yau babu wani gida a kurarsa sai naka. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada ka riƙa mayar wa fenti yashin da ka cire. Kada ka sa garin sabulun wanki, yana kashe fenti. Kada ka wanke a rana, kumfa tana bushewa ta bar zane. Fara da rufi, ka gangaro gilashi, ka bar tayoyi sai ƙarshe. Kashin jemage jiƙa shi ake yi a jira, ba a kankarewa; haƙurin da ba ka yi da surukinka ba, ka yi shi a nan.

Wani zai ce, me ya hana a kira 'yan wankin mota na tasha? Za su wanke, amma ba su da fushi. Fushi shi ne babban sinadari. Shi yake sa dattijo ya goge fitilun gaba da man goge baki har su koma garau. Shi yake sa ya shafa man ƙyalli da tsumma, yana zagayawa yana zagayawa, har kafaɗa ta daina amsa kira. Shi ne kuma ya sa Malam Dalhatu ya kira bakanike ya ba tayoyi iska, ya sauya batir, ya tayar da inji, domin a ganinsa mota mai ƙyalli da ba ta tashi daidai take da kyakkyawan rubutu mara ma'ana.

Sai ka shirya wa masu wucewa. A ƙasar nan, daga Gumel har bakin iyaka, abu biyu ne yake sa mota ta sami irin wannan wanka: ko za ta ɗauko amarya, ko za ta sauya mai ita. Hudu mai adaidaita sahu, maƙwabcin Malam Dalhatu, ya taka birki da fasinja a baya.

"Malam, aure ko ciniki?"

"Tsafta."

"Tsafta ce," in ji Hudu, yana juya wa fasinjan magana kamar tafinta. "To Malam, idan tsaftar ta kai ga ciniki, ina da mutum. Idan ta kai ga ɗayan ma ina da mutum."

"Fasinjanka yana jira, Hudu."

"Ba ya sauri, sakatariya za shi."

Kada ka kula irin su Hudu. Ci gaba da gogewa.

Mataki na shida: Ɗauki hoton bayan wanki

Jira la'asar sakaliya, lokacin da rana take yi wa kowa alfarma, har tsohuwar katanga. Share ƙofar gida, ka watsa ruwa a ƙasa don motar ta ga kanta. Kori akuya, aikinta ya ƙare. Tsaya daidai inda ka tsaya a hoton farko, sannan ka durƙusa, domin daga ƙasa ƙaramar mota 'yar Kwatano takan koma ta manyan alhazai.

Durƙusawa a shekarun Malam Dalhatu abu ne mai sauƙi; miƙewa ce sai an yi shawara da gwiwa. Ya ɗauki hoton, ya ci gaba da zama a durƙushe yana duba waya kamar da gangan, har wani mai wucewa ya zaci addu'a yake, ya ce amin.

Amma hoton ya fito. Dole a faɗi gaskiya, ya fito. Darbejiyar gaba ɗaya tana kwance a cikin bonet, sararin sama yana cikin gilashi. Motar ba ta taɓa yin kyau haka ba ko a zamanin mai ita, wadda takan ce mota jaki ce mai shan fetur, ba kayan ɗaki ba.

Mataki na bakwai: Tura wa mutum ɗaya kawai, kada ka yi bayani

Hotunan suna buƙatar a haɗa su gefe da gefe, datti a hagu, ƙyalli a dama. Idan ba ka iya ba, tura wa 'yarka ta haɗa. Mai ilimi ya yarda cewa hoto yana magana da kansa. Gaskiya ne, sai dai abin da mai kallo ya riga ya sa a ransa shi yake faɗa.

Malam Dalhatu ya ce wa 'yarsa ta haɗa ta tura wa kawunta, bai ƙara komai ba. Ummu Salma ta haɗa, ta tura, ta yi kuka, sannan ta ɗora a sitatus na WhatsApp da addu'a ga mahaifiyarta. Alhaji Cindo kuwa, da ya ga datti a hagu ƙyalli a dama, bai ga amsar maganarsa ba, domin ya manta ya yi maganar. Abin da ya gani shi ne abin da dillalai suke turo masa kullum: kaya sun shirya. Ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Maigatari. Daga nan hoton ya tsallaka iyaka, babu jami'in da ya tsayar da shi, a daidai lokacin da sefa ta yi ƙiba, mutanen Nijar suna shigowa sayayya da ƙwarin gwiwa.

Wayar da ta saba da ta'aziyya ta fara jin sababbin muryoyi. Duk wanda ya kira sai ya fara da Allah ya jiƙan rai, sannan ya tambayi lafiyar giya. Malam Dalhatu yana gaya musu ba ta sayarwa ba ce, su kuma suna dariya suna cewa Malam ya iya ciniki.

Ummu Salma ma ta kira. Ta ce ta gane. Ta ce ita ma duk ta zo gida ta hango motar a gindin bishiyar sai gabanta ya faɗi, ta ga kamar Mama tana ciki. Ta daɗe tana so ta ce a rabu da ita, tana tsoron kada ya ji babu daɗi.

"Ashe kai ma tana damunka, Baba. Allah ya ba ka ladan wannan ƙarfin hali."

A nan akwai ƙofa a buɗe, wadda ko raƙumi da kaya zai shige. Uba yana iya gaya wa 'yarsa ba haka ba ne. Amma yarinyar tana kuka, kuma ta sami sauƙi, sauƙin nan kuwa a kan kuskuren yake zaune. Malam Dalhatu ya ce, "Amin, Ummi. Ya maigidan naki?"

Mataki na takwas: Ranar rabo, ka zama mutumin kirki

Zaure, tabarma, Malam Hussaini a tsakiya. Alhaji Cindo ya zo da labari: wani Alhaji Bilal daga Magarya, can cikin Nijar, ya ga hoton ya taya, tayin da shi kansa Alhaji Cindo sai da ya sa aka maimaita masa. Malam Hussaini ya yi bayani a hankali, yana kallon tabarma, cewa kayan gado da darajarsu ta ranar rabo ake auna su, kuma motar da ya gani a baya da wannan ba ɗaya ba ne. Yanzu ta fi ƙarfin kason miji. Soso ya yi aikinsa.

Amma malamin bai rufe ƙofa ba. Ya ce idan wani daga cikin magada yana da sha'awar riƙe ta, babu laifi, sauran suna iya yafe masa abin da ya hau. An sha yin haka, kuma akwai lada a ciki. Ya ɗago ya dubi Malam Dalhatu, duba irin na wanda ya share maka hanya har ya yayyafa ruwa. Ummu Salma daga bakin ƙofar cikin gida ta ce ita dai abin da Baba yake so shi take so. Kasonta ya fi na kowa. Da ya nema, magana ta ƙare.

A nan ne za ka gamu da haɗari mafi girma a duk sana'ar wankin mota, wato yabo. Alhaji Cindo ya gyara zama.

"Malam, ni fa na yi maka mummunar fahimta. Na zaci irin mazan nan ne da mace za ta rasu su zauna suna rungumar tsummokaranta. Ashe namiji ne. Ka gyara dukiyar yarinyar nan da hannunka, ka ɗaga mata daraja. Wallahi ka fitar da mu kunya."

To, ka gwada. Ka gwada buɗe baki bayan wannan, a gaban yayan matarka, da 'yarka, da malamin unguwa, ga furfura a gemunka, ka ce a bar maka motar da ba ka iya tuƙawa ba saboda kana zama a cikinta da la'asar. Yaran zamani suna rubuta irin wannan a waya, duniya ta taru ta danna musu hoton zuciya. Mutanen zamanin Malam Dalhatu an koya musu cewa kewar mata kamar azumin nafila take: ana yi, ba a shela.

"Malam Dalhatu," in ji Malam Hussaini, "akwai magana?"

"Babu, Allah gafarta Malam. Allah ya sa albarka."

Aka shafa fatiha.

Mataki na tara: Miƙa makulli da hannu biyu

Ka yi fatan mai saye ya zama mara mutunci, don ka sami wanda za ka tsana. Alhaji Bilal bai yi wa Malam Dalhatu wannan alfarmar ba. Dogo ne, mai sanyin murya, ya yi wa marigayiya addu'a doguwa wadda babu gaggawa a cikinta. Da ya ji mai gidan malamin makaranta ne sai ya koma kiransa Mushe, yadda suke kiran malaman boko a can. Ya nuno masa hoton a wayarsa, ya ce ko a Damagaram bai ga an yi wa mota irin wannan aikin ba, shi ya sa bai ma nemi gwaji ba. Mutumin da ya bi ramukan iska da buroshi ba zai ɓoye aibi ba.

Aka fito gindin darbejiya. Ya karɓi makulli, ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya.

"Mushe, akwai abin da ya kamata in sani game da ita?"

Akwai. Cikin duk aikin nan abu ɗaya ne Malam Dalhatu bai motsa ba. Hajiya Balkisu gajeriya ce, kujerarta a can gaba take, dab da sitiyari, inda ita ta ja ta da hannunta. Ya wanke kujerar, ya share ƙarƙashinta yana kishingiɗe a ƙasa da hannu ɗaya, ya sa bakanike ya tayar da inji a tsugune daga waje, amma bai bari ta gusa ba.

Sai ya fara shirya jimla. Baƙo ne, daga wata ƙasa, dole a fara da ban haƙuri. Dole a nuna an san motar tasa ce yanzu, yana da ikon yin yadda ya so. Dole a sami hanyar ambaton ƙafar mace a gaban yayanta ba tare da an ambata ba.

"To, Alhaji, wato, ba don komai ba..."

Alhaji Bilal yana saurare cikin ladabi, yana gyaɗa kai, sai ya sunkuya ya zura hannu ƙarƙashin kujera, yadda duk wani dogon mutum zai yi ba tare da ya san ya yi ba. Ƙarfe ya yi ƙaras. Kujerar ta tafi baya har ƙarshe.

"Na'am, Mushe?"

"A riƙa duba mata ruwa kafin doguwar tafiya."

Alhaji Bilal ya yi godiya, ya shiga, ya miƙe ƙafafunsa, ya kama hanyar Maigatari. Ta baya ma kyau take yi. Malam Dalhatu bai ɗauki hoto ba.

Cire hannu

Mai wannan jagora ba bakanike ba ne, ba mai hoto ba ne, direba kuwa ko kusa. Duk wanda ya bi matakan nan fentinsa ya dushe, ko bayansa ya riƙe, ko wayarsa ta faɗa bokiti, ko danginsa suka fara ganin girmansa fiye da yadda zai iya ɗauka, shi ya jawo wa kansa. Ba a karɓar ƙorafi, ba a karɓar godiya, ba a kuma bayar da aron bokiti.

Jimlar nan kuwa daga baya ya gama shirya ta. Da ya cire mata gaisuwa da ban haƙuri da kewaye-kewaye, ashe ba ta da tsawo, ana iya faɗinta kafin mutum ya gama sunkuyawa: Alhaji, kada ka ja kujerar baya, daidai ƙafarta take.